Gonar da Ke Ciyar da Gida: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

Shekara 11 ke nan da na ajiye aikin albashi a Kano na koma gonar da muka gada, a wani ƙauye da ke tsakanin Kano da Gumel. Gonar jigawa ce, hekta uku, sai ɗan yankin fadama da bai kai eka ɗaya ba. Da farko abokaina na birni dariya suke yi mini, wai boko ya tashi a banza. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwanon hatsi ya fara gagarar mai albashi, sai dariyar ta koma tambaya. Kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, shi ya sa na tattara su wuri guda. Abin da zan faɗa na ƙasarmu ne, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Wanda yake kudancin Kaduna ko jihar Neja sai ya gyara lissafinsa.

Wai da gaske ba kwa sayen komai?

Muna saye mana. Gishiri, sukari, sabulu, manja, magani, sutura, littattafan makaranta, katin waya, babu gonar da ke tsiro da waɗannan. Abin da ake nufi shi ne tuwon dare da kunun safe da kayan miya su fito daga gonarka, daga kaka zuwa kaka, ba tare da an ɗauki kwano an tafi awo ba. Sauran buƙatu kuma a biya su da rarar da gonar ta bayar.

Abin da ke riƙe irin wannan gona shi ne komai yana cin wani abu, shi ma ana cinsa. Kara da harawa na dabbobi ne. Kashin dabbobi na gona ne. Dusar da ta fita wajen surfe ta kaji da tumaki ce, ruwan tsarin gero ma ba a zubar da shi, akuya ke sha. Tokar murhu tana komawa juji. Kamar igiya ce da aka ɗaure bakinta biyu, duk inda ta tsinke kuwa, aljihunka ne zai ƙulla ta.

Gona mai girman nawa ce za ta ciyar da iyali?

Kada ka fara da auna gona, fara da auna tukunya. Mu tara ne a gida, manya da yara, kuma tsakanin tuwo da kunu da fura muna cin tiya biyu a rana. A shekara tiya 730 ke nan. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar wajen tiya 40, ka ga buhu 18 da ɗoriya na ci kawai. Sai ka ɗora zakka, da iri, da baƙi, da suna ko biki, da 'yar'uwar da za ta aiko daga gidan miji. Ni idan hatsina bai kai buhu 24 ba, ba na barci da kyau.

Nawa hekta ke bayarwa kuma, wannan ya danganta ga taki fiye da faɗi. Jigawar da ta gaji, aka shuka ta haka nan, da kyar take ba da buhu biyar na gero. Wadda ake kai wa taki duk shekara tana iya ninka haka. Na ga mai hekta biyu da yake ci har ya sayar, na ga mai hekta shida da yake awo tun watan Afirilu. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe da sanin wannan: shekara da shekaru ana noma gona ɗaya ba hutu, kuma ba ta mutu ba, saboda jakuna na shiga birni da itace su fito da taki a mangala.

Yaya yini ɗaya yake tafiya?

Da damina, daga sallar asuba ba komawa shimfiɗa. A buɗe akurki, a watsa wa kaji tsaba, a wanke kaskon ruwansu a zuba sabo. A share gindin turke, a kwashe kashin a kai rami. A wannan shara ce ake duba lafiyar dabba: wadda ba ta miƙe ba, wadda ba ta tuƙa, wadda gindinta ya ɓaci da zawo. Minti goma ne, amma su ne suka fi komai tsada a yinin, domin dabbar da aka gano ciwonta da safe takan tashi, wadda aka gano da dare sau da yawa wuƙa ce maganinta.

Sai a sha koko ko a ci ɗumame, a saɓa fartanya. Da sanyin safiya ake kama fara, aikin da aka yi kafin hantsi ya fi na tsakar rana ninki biyu. Ana kawo fura gona, a tashi da azahar. Bayan la'asar yankan ciyawa, domin da damina duk dabbobin gari a ɗaure suke, abincinsu a kanka yake. Da magariba a ƙirga kaji, a rufe akurki da kyau saboda muzuru, a yi wa dabbobi hayaƙi saboda sauro. Babu aiki ɗaya mai wuya a ciki. Wuyarsa ita ce babu ranar da ake ɗaga shi, ko ranar Sallah akuya sai ta ci.

To da rani ai hutu kuke yi?

Ina! Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Janairu zuwa Mayu ake jidar taki, a zuba shi tsibi-tsibi a gona. A gyara danga, a yaɓe rumbu, a sake jinka, a kai fartanya da garma wajen maƙeri, a yi sharar gona. Mai fadama kuma ga lambu: albasa, tumatir, tattasai, alayyafo, ban ruwa safe da yamma. Kakanninmu da jigo suke ɗebo ruwan, mu muka zo da injin fetur, yanzu tsadar mai ta sa da yawa sun koma mai amfani da hasken rana. Bambancin rani da damina shi ne da rani kai ke tsara aiki, da damina sama ke tsara maka.

Ka jero mini aikin damina daga farko zuwa ƙarshe.

Ruwan shuka a wajenmu yakan sauka cikin Yuni, wata shekara ƙarshen Mayu. Ba kowane yayyafi ake bi ba. Ka tona da hannu, idan laima ta kai tsawon tafin hannu, to a fito da sungumi. Wasu kan yi binne, su shuka a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Idan ya zo da ƙarfi sun riga kowa, idan ya yi ɗan tsatsafi ya ɗauke, iri ya ruɓe. Ni kashi ɗaya cikin uku kawai nake binnewa. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa farkon shekara yana da amfani, ina sauraronsa a rediyo, amma ba ya hana ni tona ƙasa da hannu.

Gero ne kan gaba, dawa na bin sa. Bayan kamar mako biyu noman firi, wato noman farko, da cira, a rage shuka a bar biyu ko uku a rami. Sabon manomi yakan ji tausayin cirewa, sai ya girbi kara ba zangarniya. Daga nan a shuka gyaɗa da wake a tsakani, a yi maimai, a yi huɗa. Gero na nuna cikin wata uku, a Satumba an fara cin tumu. Gyaɗa da wake a Oktoba, dawa da maiwa sai sanyi ya fara bugawa, Nuwamba zuwa Disamba.

Wanda ya makara da noman firi da mako ɗaya, ciyawa ta riga ta ci rabonsa, kuma babu takin da zai dawo da shi. A nan ne gayya ke da rana, domin kowa aikinsa ya taso a lokaci ɗaya, 'yan ƙwadago sun yi tsada.

Me ya sa kuke cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya? Ba koma baya ba ne?

Wanda ke noma don kasuwa da tarakta, shuka iri ɗaya ta fi masa. Wanda ke noma don tukunya, cakuɗawa ce inshorarsa. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya riga ya tsira. Idan ya yi yawa gero ya lalace, dawa na nan. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu, ganyensu yana rufe ƙasa, sannan su bar maka harawa. Suna kuma rage ƙuduji, wato wuta-wuta, wannan ciyawa mai jan fure da ke tsotsar saiwar dawa da gero. Ita dai a tuge ta kafin ta zubar da iri, a fitar da ita daga gona a ƙone, domin irinta na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma.

Wannan ba ya nufin a ƙi sabon iri. Geron Sosat ya karɓu a wajenmu, haka irin wake da gyaɗa masu saurin nuna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ke fitarwa. Sai dai ina gwada kowane sabon iri a kunya goma tukuna, kuma ban taɓa yar da irin dawar kaura da na gada ba.

A gefen gona kuma akwai kayan uwargida: kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa, karkashi. Ba sa cin wuri, amma su ne miyar shekara.

Da wace dabba zan fara?

Kaji na gida guda biyar da zakara, sai akuya biyu. Kada ka fara da saniya. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare, tana da juriya, cikinta wata biyar ne, kuma ta saba haifar tagwaye. Tunkiya ma wata biyar ce, amma ta fi akuya son kulawa. 'Yankasa ta fi sauƙin riƙo, Balami da Uda sun fi girma sun fi ci. Idan hannunka ya faɗa, sai ka sayi rago ramamme wata uku ko huɗu kafin Babbar Sallah ka turke shi. Shanun huɗa kuwa sai ka tabbatar kana da abin ba su a watan Afirilu da Mayu, lokacin da daji ya zama fili.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa sabon makiyayi: leda. Dabbar da ake saki tana kiwo a bola takan haɗiye leda, ta yi ta ramewa cikinta na kumbura, a yi ta ɗura mata magani a banza. Tunkiyata ta farko haka ta tafi. Da mahauci ya farke tumbin, abin da ya fito ya cika ƙaramin bokiti.

Duk hunturu kajina sai sun ƙare. Mene ne sirrin?

Babu sirri, allura ce ba ka yi. Annobar da ke share kajin ƙauye da sanyi, kaza ta yi tagumi, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, likitocin dabbobi na kiranta Niyukasil. Ba ta da magani idan ta kama. Barkono da jar kanwa da kafson mutane da ake jiƙa musu ba sa kashe ta. Rigakafinta kuwa yana da arha, ɗigo ɗaya ne a ido, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin irin da ke jure zafi, wanda ya dace da ƙauye. A maimaita duk wata uku zuwa huɗu, a tabbatar an yi kafin iskar hunturu ta taso. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka mukan haɗu da maƙwabta.

Sannan kazar da ka sayo a kasuwa ko aka ba ka kyauta, ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naka. Awaki da tumaki su ma suna da tasu annobar mai zawo da majina, ita ma akwai allurarta, ka tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Kaza na kwanci kwana 21, ƙwan zabuwa kwana 26 zuwa 28, na agwagwa 35. Zabuwa ba uwa ba ce, shi ya sa muke sa wa kaza ƙwanta. Tsaki kuma a kife su da kwando mako biyu na farko, in ba haka ba shirwa ce za ta yi kiwon.

Me dabbobi ke ci idan ciyawa ta ƙare?

Abin da ka tanada a Oktoba. Harawar wake da ta gyaɗa a yanke ta da sauran ɗanyen ganye, a shanya, a naɗe, a ɗora a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya inda akuya da gara ba sa kaiwa. Idan ruwan ƙarshe ya dake ta a ƙasa ta yi baƙi, ta tashi daga aiki. Ana haɗawa da kowar wake, da dusa, da karan dawa da aka sassara, da 'ya'yan gawo, da ɗan kanwa. Harawa kuɗi ce. A ƙarshen rani wani lokaci abin da manomi zai samu a harawarsa yana gogayya da abin da ya samu a waken kansa. Duk wanda ya sayar da tasa da kaka, zai saye ta da bazara yana cizon yatsa.

Takin gargajiya ko na zamani?

Ba kishiyoyi ba ne. Na gargajiya yana gyara jikin ƙasa ta riƙe ruwa, na zamani yana ba shuka abinci nan take. Jigawar da ba ta da na farko, ko ka zuba na biyu ruwa ne zai wanke shi.

Muna da rami a bayan gida, zurfinsa zuwa ƙugu. Kashin dabbobi, sharar tsakar gida, toka, ragowar harawa, ƙaiƙayi, duk can. A yayyafa ruwa, a juya shi sau biyu ko uku, a tsince leda da batir. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka, sai ya huce. Na zamani kuma, tunda buhu ya yi tsada, ba na watsawa. Cikin murfin kwalbar lemo na NPK nake sa wa kowane rami, ɗan nesa da shukar, dabarar da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT suka yaɗa daga Sadore kusa da Yamai. Yuriya a sa ta bayan maimai, ƙasa na da laima, kuma a rufe ta. Wanda ya bar ta a fili rana da iska ya yi wa sadaka.

Ba gara in sare bishiyoyin gonar ba, tunda inuwa na hana amfani?

Ya danganta da bishiyar. Gawo dai ko da kuɗi kada ka bari a taɓa shi. Shi kaɗai ne ke yin abinsa a juye: ya zubar da ganye da damina, rana ta sauka kan shuka, ganyen ya zama taki, sannan ya yi kore shar da rani dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa. Je ka dubi geron da ke gindin gawo ka gwada da na nesa, gani ya kori ji. Kuka miya ce, ɗorawa daddawa ce, tsamiya kunu ce, zogale kuwa a dasa shi a jikin danga.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu farkawa. A yankin Maraɗi, tun wajen 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin suka fara abin da ake kira sassabin zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture lokacin shara, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Ba shuka, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan biyar. Ni kalgo da sabara na fara bari, yau shekara bakwai ban sayi itacen girki ba.

Yaya kuke ajiye hatsi shekara guda bai lalace ba?

Gero da dawa a zangarniyarsu muke ɗaure su dami-dami mu zuba a rumbu, sun fi daɗewa haka fiye da a sussuke. Rumbun a ɗora shi kan duwatsu saboda gara da laima, a share shi tas kafin sabon hatsi ya shiga, kada a zuba sabo a kan tsoho. Kafin ajiya a gwada da haƙori: ƙwayar da ta bushe ƙas take fashewa. Gyaɗa da masara su suka fi son a kula, domin idan suka yi fumfuna suna haifar da guba mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa. A shanya su a kan tabarma ko tamfol, a tsince masu baƙi, kuma kada a ce bari a ba kaji.

Wake shi ne ɗan rigima, wata biyu ya isa ƙwari su mayar da shi gari. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ya raba mu da wannan. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi. Jarka ko duro mai murfin da ke toshewa sosai ma yana yi, in an cika shi fal. Abin da nake roƙon kowa ya bari shi ne zuba fiya-fiya a wake. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Su sun ƙi saye, mu kuma muna dafa wa 'ya'yanmu.

Makullin rumbu kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya, a ɗebo a ranar da aka sani, da ma'aunin da aka sani.

Mene ne aikin mata da yara a ciki?

Idan za a faɗi gaskiya, rabin gonar a tsakar gida take. Sussuka, sheƙa, surfe, wanke hatsi, kai niƙa, yanka kuɓewa da tumatir a shanya kauɗa, matse man gyaɗa a toya ƙuli-ƙuli, dafa kalwa a yi daddawa, duk hannun mata ne. Yawancin awaki da kajin ƙauye ma nasu ne. Akuyar uwargida ba taka ba ce, idan buƙata ta sa ka sayar, bashi ka ci, kuma ka biya. Gidaje da yawa sun rasa kiwo ne saboda matar ta gaji da yi wa wani tara.

Yara suna da ban ruwan dabbobi, tsintar ƙwai, korar tsuntsaye, tsinkar wake. Na ba kowannensu 'yar gayauna da kaza ɗaya, abin da ya fito nasa ne. Amma lokacin makarantar boko da ta allo ba na taɓa shi, ko noman firi ake yi. Feshin magani kuma yaro ba ya zuwa kusa.

Kuɗin kashewa daga ina suke fitowa?

Riɗi, zoɓo da gyaɗa su ne na sayarwa. Jihar Jigawa ta yi suna a riɗi da zoɓo, zoɓon ma har Meziko ake kai shi, kuma dillalan Maigatari da na Dawanau ba sa barin su su kwana. Ƙananan buƙatu kaza da ƙwan zabi ke biya, matsakaita akuya, manya rago. Dabba ita ce asusun manomi. Dokata ɗaya ce: hatsin ci ba ya zuwa kasuwa. Da kaka kowa na sayarwa, farashi na ƙasa, ga bashin taki, ga bukukuwa. Wanda ya buɗe rumbu a lokacin, shi ne zai sayi hatsin nan da tsada a Yuli.

Wane lokaci ne ya fi wuya?

Marka, wato tsakiyar Agusta. Gona ta yi kore har ta ba ka sha'awa, amma ba abin da ya nuna. Rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da rabin gida, itace ya jiƙe, katanga na faɗuwa. A lokacin ne ake sanin amfanin tafasa da rama da zogale, a yi kwaɗo ko dambu a ja kwana. A shekarata ta biyu hatsinmu ya ƙare saura mako biyar a fara girbi, saboda na sayar da buhu huɗu da kaka na sayi babur. Wani dattijo maƙwabcina ne ya aiko mini da dami uku cikin dare, don kada a gani. Da na je godiya sai ya ce, "Malam, babur ɗin ya ƙoshi?" Ban sake ba.

Makiyaya da ɓarayi fa?

Tsakaninmu da Fulanin da muka saba akwai tsohuwar hulɗa: bayan an kwashe amfani su sauka a gonarka, shanu su ci kara su bar maka taki, ka ba su hatsi, ka sha nono. Rigima na tasowa ne idan manomi ya cinye burtali, ko makiyayi ya shigo kafin a gama kwashe dawa, ko baƙin da ba su san kowa ba suka ratso da dare. In an yi maka ɓarna kada ka ɗauki sanda, kira mai unguwa da arɗo a ƙiyasta.

Ta'addancin 'yan bindiga kuwa wani abu ne daban. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato akwai garuruwan da noma ya gagara, wasu sai sun biya haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Kafin ka sayi gona ko'ina, fara tambayar ko mutanen garin suna kwana a gidajensu.

Ina tsoron maciji.

Ka kyauta. Kububuwa ta fi yawan cizo lokacin noma da girbi, tana kwanciya a ƙarƙashin tarin kara da harawa. Sa takalmin ruwa, ɗaga dami da sanda kafin ka sa hannu, riƙe tocila da dare. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a kan wannan, amma ka san mafi kusa da kai tun kafin ranar.

Yaya zakkar amfanin gona take?

Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala, da jigo ko inji, ɗaya cikin ashirin. Nisabi wusuƙi biyar ne, sa'i 300, wajen buhu shida zuwa bakwai. A Malikiyya ba a haɗa gero da dawa don cika nisabi, amma dangin wake ana haɗa su. A al'adarmu tun a gona ake ware dami na goma kafin amalanke ya ɗauka. Ga sauran bayani ka zauna da malamin garinku.

Zan iya ci gaba da aikina a birni, in riƙa turo kuɗi ana yi mini?

Za ka iya yin noma haka, amma ba irin wanda muke magana a kai ba. Noman waya yakan ƙare da labari: ruwa ya yi yawa, tsutsa ta ci, taki bai isa ba. Ba lallai wanda ka wakilta maci amana ne ba, shi ma gonarsa na jiransa a ranar da taka ke jira. Idan ba za ka iya tarewa ba, ka yi yarjejeniyar raba amfani da manomin kirki a gaban shaidu, ka riƙa zuwa ranar shuka, ranar sa taki da ranar girbi. Gonar da za ka saya kuma ka gan ta a Agusta, lokacin da kwari ke nuna kansa, kuma a rubuta takarda gaban dagaci da duk magada, ba ɗaya daga cikinsu ba.

Zan iya zuwa in gani da idona?

Bismillah. Amma kada ka zo da kaka lokacin da ake gasa tumu ana dafa gyaɗa, za ka koma da labarin da ba shi ke nan ba. Zo mako biyu bayan ruwan shuka, ka kwana uku. Bar farar shaddarka a gida, ka taho da takalmin ruwa da gidan sauro. Akwai fartanyar baƙi a rataye a zaure.